Wa ya zana ƙauyukan Antwerp? Nazarin jerin zanen 1559 da 1561 da sunayen da aka rataya masa

A shekarar 1559 maɗaba'ar Hieronymus Cock da ke birnin Antwerp, cikin ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, ta fitar da wani jerin zane da aka buga a kan takarda daga allunan jan ƙarfe, sannan a 1561 ta biyo shi da kashi na biyu. Idan aka haɗa kashin biyu zane 44 ne, kowannensu bai wuce kimanin santimita 13 a tsaye da 20 a kwance ba, abin da ya sa masana tarihin zane suke kiran jerin da Ƙananan Zanen Karkara. Shafin da ya buɗe kashi na farko ya bayyana cewa hotunan gidajen ƙauye ne da gonaki da filaye da hanyoyi, an ƙawata su da dabbobi iri-iri, an ɗauko su daga abin da ido ya gani, kuma yawancin wuraren suna kewayen Antwerp. Shafin ya kawo sunan Cock a matsayin wanda ya buga. Sunan wanda ya zana kuwa babu shi a wurin, babu shi kuma a jikin zanen kansu. Bayan shekara 40 aka sake buga jerin da sunan mai sassaƙa allo Cornelis Cort, a 1612 aka kwafe shi a Amsterdam da sunan shahararren mai zane Pieter Bruegel, a yau kuma gidajen adana kayan tarihi laƙabi kawai suke rubutawa, wato Gwanin Ƙananan Zanen Karkara, a gurbin da ya kamata suna ya zauna. Abin da za a duba a nan shi ne yadda aka yi haka ta faru, da kuma rawar da dabarar cin allo da ruwan asid ta taka wajen ɓatar da sawun mai zanen.

Akwai dalilin da ya sa masana suka damu da waɗannan 'yan takardu har haka. Kafin fitowarsu, zanen shimfiɗar ƙasa a Antwerp yana bin tafarkin Joachim Patinir ne, wanda ya rasu a 1524. A irin wannan zane mai kallo yana hangen duniya daga sama, ga duwatsu masu tsini waɗanda babu irinsu a Flanders, yankin arewacin Beljiyam ta yau, ga koguna da birane har iyakar gani, can a wani lungu kuma a sa wani waliyyi ko wani labari na Littafi Mai Tsarki domin zanen ya sami hujjar wanzuwa. Ƙananan Zanen sun sauko da ido ƙasa, daidai tsayin mutumin da ke tafiya a ƙafa. A yawancinsu abin da ake gani shi ne hanyar ƙasa mai sawun amalanke ta ratsa tsakanin gidaje masu jinka, da shingen itace, da bishiyoyi a jere, da shanu ko tumaki, da wani mutum riƙe da sanda yana kora su ko kuma yana hira da maƙwabcinsa a bakin hanya. Babu labari a ciki, babu darasi, babu wani abin al'ajabi. Daga wannan tushe ne zanen karkarar Holan na ƙarni na 17 ya tsiro, ta hannun irin su Esaias van de Velde da Jan van de Velde da Willem Buytewech a garin Haarlem, don haka duk wanda aka tabbatar shi ne mai jerin ya zama mafarin wata babbar al'ada ke nan.

Hannu nawa ne a kan takarda ɗaya

Cock ya buɗe maɗaba'arsa a 1548, ya raɗa mata suna Iskoki Huɗu, kuma shi da matarsa Volcxken Diericx suka mayar da ita babbar cibiyar buga zane a arewacin Turai. Tsarin aikin a rarrabe yake. Wani ne yake ƙirƙirar zanen da alƙalami a takarda, wani ne yake mayar da shi kan allon jan ƙarfe, shi kuma mai maɗaba'a shi ke sayen allo da takarda, ya biya ma'aikata, ya mallaki allon, ya sayar da abin da aka buga. Akan rubuta matsayin kowa a gindin zanen da gajerun kalmomin Latin, inventor ga wanda ya ƙirƙira, sculpsit ko fecit ga wanda ya yi aikin allo, excudebat ko excudit ga wanda ya buga. Sai dai babu wata doka da ta tilasta a rubuta dukkansu, kuma mai allon ne yake yanke shawarar sunan da zai fito da wanda za a bari.

Hanya biyu ce ake bi wajen sa layi a jikin jan ƙarfe, kuma wannan lamari ba ya fahimtuwa sai an bambance su. Ta farko ita ce sassaƙa kai tsaye. Mai aikin yana riƙe da wani ɗan ƙarfe mai kaifin baki wanda mariƙinsa na katako yake zaune a tafin hannu, yana tura shi cikin allon yana fitar da siririn zaren ƙarfe, idan kuma zai yi lanƙwasa sai ya juya allon a kan 'yar matashiyar fata maimakon ya juya hannunsa. Layin da wannan ke bayarwa yana farawa siriri, ya kumbura a tsakiya inda aka ƙara nauyin hannu, ya ƙare da tsini. Aiki ne mai tsafta da ɗaukar lokaci, mai buƙatar shekaru ana koyo, kuma allonsa yana jure bugu mai yawa.

Hanya ta biyu ita ce cin allo da asid. Akan ɗumama allon, a shafe shi da haɗin kakin zuma da ƙaro da kwalta, a baƙanta shafin da hayaƙin kyandir domin mai zane ya riƙa ganin abin da yake yi, sannan a zana da allura. Allurar ba ta yankar ƙarfen, shafin kawai take karcewa, don haka hannu yana tafiya a sake kusan kamar yadda alƙalami ke tafiya a takarda. Bayan an gama sai a zuba ruwan asid, ko a tsoma allon a ciki, ruwan ya ci ƙarfen a duk inda allura ta buɗe masa hanya. Tsawon lokacin da aka bar shi shi ke ƙayyade zurfin layi, zurfin layi kuma shi ke ƙayyade yawan tawadar da zai riƙe. Mai son bishiyoyin nesa su fito da haske, na kusa kuma su yi duhu, sai ya cire allon bayan ɗan lokaci, ya rufe sassan nesa da abin da asid ba ya ci, ya mayar da shi ciki domin sauran su ƙara zurfi. Daga nan hanyoyin biyu sun haɗu: a cusa tawada cikin layukan, a goge fuskar allon tas, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a bi da su tsakanin sandunan matsi biyu, zanen ya fito a juye, dama ta koma hagu. Idan aka sa gilashin ƙara girma a kan takardar, layin asid yakan nuna kansa, domin kaurinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, bakinsa a dakushe yake, gefensa kuma yana da ɗan kaushi inda ruwan ya ciccije ƙarfen.

Dabarar ta fito ne daga sana'ar masu ƙawata sulke, kuma Daniel Hopfer na Augsburg a Jamus shi ne ya fara buga zane da ita wajen shekarar 1500, a kan allunan baƙin ƙarfe. Albrecht Dürer ya gwada ta sau shida tsakanin 1515 da 1518, Lucas van Leyden ya yi ta a kan jan ƙarfe a 1520, Albrecht Altdorfer kuwa a daidai wannan zamani ya buga zanen daji da duwatsu waɗanda babu mutum ko ɗaya a cikinsu. Ta dace da zanen karkara ƙwarai, domin ganye da ciyawa da jinka suna son hannu mai sauri da karkarwa. Matsalarta a kasuwa ita ce masu saye sun fi daraja tsaftar sassaƙa, allon asid kuma ya fi saurin lalacewa.

Wannan matsala ce wasu 'yan'uwa biyu daga garin Deventer, Joannes da Lucas van Doetecum, suka warware wa Cock tun daga tsakiyar shekarun 1550. Sun gano yadda za su sa asid ya ba da layi mai kumbura da tsini, mai santsin gefe, wanda yake kama da na sassaƙa, cikin lokacin da bai kai na sassaƙa ba. Wani marubucin Jamus mai suna Matthias Quad ya rubuta a 1609 cewa sun daɗe suna ɓoye sirrin, kuma ƙwararru da yawa sun ɗauki aikinsu a matsayin sassaƙa zalla. Masana suna zaton sun yi amfani da allura mai karkataccen baki wadda ake juyawa tsakanin yatsu domin layi ya faɗaɗa ko ya tsuke, irin wadda Jacques Callot ya shahara da ita daga baya, wadda kuma Abraham Bosse ya bayyana a littafinsa na koyar da sana'ar a 1645. Sukan kuma bi bayan asid da ƙarfen sassaƙa su gyara wasu wurare, su ja layukan sararin sama a jere daidai wa daida.

A nan ne dabara ta shiga cikin maganar suna. 'Yan'uwan nan su ne suka yi allunan Manyan Zanen Karkara guda 12 da Bruegel ya ƙirƙira wajen 1555, bayan dawowarsa daga Italiya ta tsaunukan Alps. Su ne suka yi zanen gine-gine na Hans Vredeman de Vries, da zanen bakin kogi na Hans Bol, da taswirori masu yawa. Duk abin da ya shiga hannunsu yana fitowa da irin ganyensu, da irin inuwarsu, da irin sararin samansu. Lamarin ya yi kama da na mai kwafin littafi a zauren malamai: idan hannu ɗaya ya kwafe littattafan malamai biyar, kamannin rubutun ba zai gaya maka cewa mawallafinsu ɗaya ne ba, abin da zai gaya maka kawai shi ne mai kwafinsu ɗaya ne. Wanda ya ajiye Manyan Zanen kusa da Ƙananan ya ga kamanni a yadda aka yi bishiyoyi, ya ce ai Bruegel ne ya yi duka biyun, hannun van Doetecum ya gani, ya ba shi sunan wani. Abin da ya ƙara wa lamarin armashi shi ne 'yan'uwan nan ne suka yi allunan Ƙananan Zanen ma, amma su kansu ba su rubuta sunansu a jikinsu ba. An daɗe ana ɗaukar cewa Cock ne ya yi su da kansa, tun da shi ma gwanin asid ne, ya buga jerin kangayen birnin Rum a 1551 da zanen karkara bisa aikin ɗan'uwansa Matthys a 1558. Sai a rabi na biyu na ƙarni na 20 aka daidaita a kan van Doetecum, ta hanyar kwatanta layi da layi da ayyukan da suka sa wa suna.

Akwai ma'auni guda da ke nuna girman abin da ke ɓacewa tsakanin alƙalami da allo. Sau ɗaya tak Bruegel ya riƙe allura da kansa, a zanen Farautar Zomo na 1560, wanda shi ma Cock ne ya buga. A cikinsa ganyen bishiya ɗige-ɗige ne da gajerun karce marasa tsari, nesa tana narkewa cikin farin takarda, layi yana yankewa ya sake tashi daidai yadda yake yi a zanensa na alƙalami. Wanda ya duba shi tare da ɗaya daga cikin Manyan Zanen zai ga cewa tunanin mutum ɗaya ne, amma fatar da aka lulluɓe su da ita ta bambanta sarai. Wato ko a inda aka san mai ƙirƙira babu tantama, aikin van Doetecum ya shafe mafi yawan alamomin da ake gane hannunsa da su.

Sunaye biyu da kasuwa ta kawo

Cock ya rasu a 1570, Volcxken Diericx ta ci gaba da riƙe maɗaba'ar shekara 30 har rasuwarta a 1600, kuma lissafin kayan da ta bari, wanda aka yi a 1601, ya ƙunshi alluna sama da 1,500. Allunan Ƙananan Zanen suka koma gidan Galle, wato Philips Galle da ɗansa Theodoor, waɗanda suka sake buga su a wannan shekarar da sabon shafin farko mai cewa Cornelis Cort ne ya zana su. Wannan shaida tana da nauyin da bai kamata a raina ba, domin Philips Galle ya yi wa Cock aikin sassaƙa tun daga ƙarshen shekarun 1550, wato a daidai lokacin da aka yi jerin, kuma Cort ma ma'aikacin gidan ne a lokacin. To amma abin da aka san Cort da shi shi ne sassaƙa zanen wasu. Ya tafi Italiya a 1565, ya yi aiki da shahararren mai zane Titian a Venice, ya rasu a Rum a 1578 yana ɗaya daga cikin masu sassaƙa mafi suna a Turai. A cikin abin da ya bari babu wani abu da ya yi kama da waɗannan hanyoyin ƙauye, alhali a 1601 sunansa kaɗai ya isa ya sayar da takarda.

Suna na biyu ya zo ne daga arewa, kuma yana da alaƙa da yaƙi. Tawayen lardunan Holan ga Sarkin Sifen ya ɗaiɗaita karkarar Brabant, lardin da Antwerp ke ciki a lokacin, sojojin Sifen da ba a biya albashi ba sun wawushe Antwerp a 1576, birnin kuma ya faɗa hannun Alexander Farnese, kwamandan sojojin Sifen, a 1585, abin da ya sa dubban 'yan kasuwa da masu sana'a mabiya ɗariƙar Furotesta suka yi ƙaura zuwa Amsterdam da Haarlem da Leiden. A 1609 aka ƙulla yarjejeniyar tsagaita wuta ta shekara 12. Cikin wannan sarari ne Claes Jansz Visscher na Amsterdam ya kwafi 24 daga cikin zanen a kan sababbin alluna a 1612, ya ɗan rage girmansu, ya yi su da sakakkiyar allura wadda ba ta ƙoƙarin kwaikwayon sassaƙa, ya kuma rubuta a shafin farko cewa ƙauyukan Brabant ne da P. Bruegel ya zana. Masu sayensa sun haɗa da 'yan gudun hijira da 'ya'yansu, mutanen da suka baro waɗannan ƙauyuka a baya. Bruegel kuwa ya rasu tun 1569, ayyukansa sun yi ƙaranci a kasuwa saboda manyan masu tarawa irin su Sarki Rudolf na Biyu da ke Prague sun kwashe su, 'ya'yansa biyu da wasu da yawa suna cin abinci da kwaikwayon salonsa. Visscher an haife shi ne bayan rasuwar Cock da shekaru, a wani birni daban, kuma babu abin da ke nuna yana da wata masaniya da gidan Galle ba su da ita.

Kada a ɗauka cewa irin wannan sa suna baƙon abu ne a sana'ar, domin Cock da kansa ya yi shi, kuma a kan Bruegel ɗin. Zanen Manyan Kifaye Na Cin Ƙanana, wanda asalinsa na alƙalami yake ajiye a gidan Albertina da ke Vienna da sa hannun Bruegel da shekarar 1556, an buga shi a 1557 da sunan mai zane Hieronymus Bosch a matsayin wanda ya ƙirƙira, alhali Bosch ya rasu tun 1516. A lokacin sunan Bosch ne ke da kasuwa. Amma wannan misali yana yanka ta gefe biyu, domin zuwa 1558 da 1559 Cock ya riga ya koma buga jerin Zunubai Bakwai da na Kyawawan Halaye Bakwai da sunan Bruegel ɓaro-ɓaro a jikinsu. Mutumin da ya san darajar suna har haka, da wuya a ce yana da zane 44 na Bruegel a hannu a 1559 da 1561 ya ƙi faɗa. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a kan maganar Bruegel, kuma ba ta buƙatar gilashin ƙara girma.

Duk da haka sunan ya zauna. René van Bastelaer ya sa jerin cikin kundin bugaggun zanen Bruegel da ya wallafa a 1908, kuma har wajen 1980 akwai masana irin su Reinhard Liess da suke kare ra'ayin cewa aƙalla wani ɓangare na aikin nasa ne. Allunan asali su ma ba su zauna yadda suke ba, domin a bugun da zuriyar Galle suka yi cikin ƙarni na 17 an ƙara mutane a wasu wuraren da da babu kowa. Yin haka ba shi da wuya, sai a sake shafe allon da kaki a zana sabon abu a ba asid, ko a kankare wani wuri a daddale shi daga baya a goge. Shi ya sa masu nazari ke jera bugu daban-daban na allo ɗaya bisa matakansa kafin su ce komai a kan salo.

Abin da zanen alƙalami ya nuna

Tun da layin da ke kan bugaggiyar takarda na van Doetecum ne, sunan da ke shafin farko kuma na mai kasuwa ne, sai bincike ya koma kan zanen alƙalami da aka yi allunan daga gare su. Kaɗan ne suka tsira, ba su kai rabin jerin ba, suna warwatse a wurare daban-daban, wasu daga cikinsu a gidan Chatsworth da ke Ingila. An yi su da alƙalami da tawada mai ruwan ƙasa, da hannu mai taushi da natsuwa. Abu na farko da suka bayyana shi ne cewa a wasu daga cikinsu mutane da dabbobin ba na mai zanen asali ba ne, wani hannu ne ya ƙara su daga baya da tawadar da launinta ya bambanta, har ana iya ganin layin hanya ko na shinge yana wucewa ta ƙarƙashin jikin saniya. Masana da dama suna ganin a maɗaba'ar aka yi ƙarin, wataƙila Cock ne da kansa, domin a cika alƙawarin shafin farko na ƙawata wuraren da dabbobi. Ke nan makiyayin da ke riƙe da sanda, wanda shi ne ya fi tuna wa mai kallo da manoman da Bruegel ya shahara da zanawa, yana iya zama ba ya cikin abin da mai zanen ya gani ko ya nufa.

Sai kuma wata gada da ta karye. An daɗe ana riƙe da wasu ƙananan zanen alƙalami na ƙauyuka da ganuwar gari, masu ɗauke da sa hannun Bruegel da shekarun farkon 1560, a matsayin shaidar cewa ya yi irin wannan aiki a daidai wannan lokaci. A 1986 masanin Jamus Hans Mielke ya nuna cewa na Jacob Savery ne, wani ɗan gudun hijira daga Kortrijk da ya koyi aiki a wurin Hans Bol, ya zauna a Amsterdam, ya rasu a 1603. Tun kafin nan, a 1970, an riga an mayar da wani babban rukuni na zanen manoma da 'yan kasuwa daga sunan Bruegel zuwa na Roelandt Savery, ƙanen Jacob. Bayan haka wani rukunin zanen tsaunuka shi ma ya fita, a wannan karon saboda takardar kanta. Takardar wancan zamani da hannu ake yin ta a cikin tankaɗen waya, kowace masana'anta kuma tana ɗinka tambarinta da siririyar waya a jikin tankaɗen, tambarin ya fito idan aka ɗaga takardar ga haske. An sami tambarin shekarun 1580 a jikin ɗaya daga cikin fitattun zanen rukunin, wato takardar ba ta wanzu ba sai bayan Bruegel ya yi shekaru a kabari. Kundin da Mielke ya bari, wanda ya fito a 1996, ya tsaya a kan zane kimanin 60 kacal a matsayin na Bruegel na gaskiya, kuma idan aka jera waɗannan kusa da na Ƙananan Zanen bambancin ya fito fili. Bruegel yana gina fili mai zurfi da motsi, yana son hange daga tudu, wancan kuwa yana tsaye a kan hanya yana kallon abin da ke gabansa.

Da Bruegel da Cort suka fita, an gwada wasu sunaye, ciki har da Hans Bol da Matthys Cock da Cornelis Massys da shi Hieronymus Cock ɗin, akwai kuma masu ganin cewa zanen alƙalamin ma ba na mutum ɗaya ba ne. Shawarar da ta fi samun karɓuwa ita ce wadda Egbert Haverkamp-Begemann ya kawo a 1979, cewa Joos van Liere ne. Karel van Mander, wanda ya rubuta tarihin masu zanen ƙasar a 1604, ya yabe shi a matsayin gwanin zanen karkara, ɗan asalin Brussels da ya yi aiki a Antwerp, ya yi ƙaura zuwa Frankenthal a Jamus saboda addini, daga baya ya ajiye zane ya zama mai wa'azin ɗariƙar Calvin a Zwijndrecht kusa da Antwerp, ya rasu wajen 1583. Lokaci ya dace, wuri ya dace, sana'a ta dace, kuma kasancewarsa mutumin da sunansa bai yi amo a kasuwar bugu ba yana iya bayyana dalilin da Cock bai damu da rubuta shi ba.

Raunin shawarar shi ne abin da za a auna da shi ya yi kaɗan. Ba a san wani zanen fenti da aka tabbatar na van Liere ne ba, kwatancen kuma ya dogara ne ƙwarai a kan bugun da wani ya yi bisa aikinsa bayan rasuwarsa, mai ɗauke da sunansa a matsayin wanda ya ƙirƙira. Wato an koma ga matsalar da aka faro da ita, ana neman hannun mai alƙalami ta cikin layin mai allo, ana kuma gaskata sunan da mai maɗaba'a ya rubuta, abu biyun da wannan lamari ya riga ya nuna ba a dogara da su su kaɗai. Wannan bai rushe shawarar ba, domin tsarin fili da yadda ake jera gidaje da bishiyoyi suna iya tsira daga hannun mai allo ko da ƙananan alamomi sun ɓace, kuma a kan irin wannan ne masu goyon bayanta suka gina hujjarsu. Amma bai kai matsayin da za a goge laƙabi a rubuta suna ba.

Akwai kuma yiwuwar cewa Cock bai ga wani giɓi a shafinsa ba tun farko. Kalmar inventor ta mai ƙirƙira ce, wanda ya haɗa labari ko ya tsara duniyar da babu ita daga tunaninsa. Abin da Cock yake tallatawa a 1559 kuwa shi ne cewa ba a ƙirƙiri komai ba, wuraren suna nan, mai saye yana iya fita ƙofar gari ya gan su. A irin wannan talla sunan mai zane ba ya ƙara komai, yana ma iya rage ƙarfin da'awar. Sai da shekara 40 suka wuce, zanen karkara ya zama fanni mai daraja da masu tarawa ke nema da sunan gwani, sannan rashin sunan ya zama abin da mai sayarwa yake jin dole ya cike.

A baje kolin zanen Bruegel da aka yi a Rotterdam da New York a 2001, da kuma na maɗaba'ar Cock da aka yi a Leuven da Paris a 2013, an gabatar da jerin ne ƙarƙashin laƙabin Gwanin Ƙananan Zanen Karkara. Katin bayanin da manyan gidajen adana zane ke amfani da shi yanzu yakan raba aikin gida uku, ya ba Joannes da Lucas van Doetecum aikin allo, ya ba wannan Gwani ƙirƙira, ya ba Cock bugawa, wasu kuma sukan ƙara sunan Joos van Liere a gefe da alamar tambaya.